Rawayan da ya ƙi zama baƙi: muhawarar masu zanen gini na Jos kan bugun AutoCAD

Auwalu Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah a haska mini. Akwai zanen wani bene da za mu kai JMDB, hukumar raya birnin Jos, na kai fayil ɗin wani shago a nan cikin gari a buga mini a takardar A1. Da hannuna na zaɓi monochrome.ctb, fayil ɗin saitin bugu da ke sa layuka su fita baƙi. Da takarda ta fito, bango da ginshiƙai baƙi ne yadda ake so, amma ƙofofi da tagogi sun fito shuɗi, kayan banɗaki kore, sunayen ɗakuna kuma rawaya, sai ka ƙura ido kafin ka karanta. Mai shago ya ce tunda tawadar kala ta zuba, kuɗin kala zan biya. Injin ne ko zanen?

Nura Mai Fulota:
Wa alaikumus salam. Kafin a fara jifan masu shago, bari in riga kowa: inji ba ya ƙirƙirar kala. Abin da aka tura masa shi yake zubarwa. Bakina ya gaji da faɗa muku a zauren nan, ku riƙa kawo PDF. Ka zo da DWG, ainihin fayil ɗin AutoCAD, a filashi, ka tsaya a kaina, ka ce in buga, in ya fito ba daidai ba kuma laifin Nura ne.

Injiniya Hadiza:
Auwalu, kar ka taɓa komai tukuna. Danna ɗaya daga cikin rubutun rawayan nan, ka latsa Ctrl+1 don Properties ya buɗe, ka faɗa mana abin da ke rubuce a wurin kala. In ka ga ByLayer, wato yana bin kalar leya, rukunin zanen da yake ciki, je ka duba kalar leyar kanta. Lamba ɗaya ce, ko lambobi uku da waƙafi a tsakaninsu?

Auwalu Unguwar Rogo:
Anti, uku ne. 255,255,0. Ƙofofin kuma bulok ne, wato layuka da aka dunƙule suka zama abu ɗaya, da na shiga ciki na tarar da 0,0,255. Daga ofishin wani akitek fayil ɗin ya zo, ni rodi da fandisho kawai na ɗora a kai.

Injiniya Hadiza:
To a nan gizo ke saƙa. Ba injin ba ne, kuma monochrome.ctb ɗinka lafiyarsa ƙalau.

AutoCAD yana da hanya fiye da ɗaya ta ba layi kala. Ta asali ita ce ta lambobi daga 1 zuwa 255: 1 ja, 2 rawaya, 3 kore, 4 shuɗin sama, 5 shuɗi, 6 ruwan hoda mai ƙarfi, 7 fari ko baƙi gwargwadon kalar allo, 8 da 9 ruwan toka, har zuwa ƙarshe. Daga AutoCAD 2004 aka ƙaro True Color, wanda ake haɗawa da ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255, launi sama da miliyan 16 ke nan. Shi ne mai lambobi ukun da ka gani.

Fayil ɗin CTB kamar rajistar aji yake, suna 255 ne a ciki, ba ƙari ba ragi. A gaban kowace lamba an rubuta abin da za a yi mata a takarda. A cikin monochrome.ctb duk 255 ɗin an ce su fita baƙi. Rawayanka mai 255,255,0 ba ya cikin rajistar, ba a kira sunansa ba, sai ya wuce da kalarsa. A ido daidai yake da rawaya mai lamba 2, shi ya sa ba ka lura ba.

Gyara: in a leya kalar take, buɗe jerin leyoyi, ka danna kalar, ka koma shafin Index Color ka zaɓi lamba. In a jikin abin aka liƙa ta, rubuta SETBYLAYER, umarnin da ke mayar da abu ga bin leyarsa, ka zaɓi komai, in ya tambaye ka ko ya haɗa da bulok ka ce e. Amma ka fara shiga Settings nasa ka bar kala kaɗai, in ba haka ba zai kwashe har kaurin layi da nau'in layin da aka sa da gangan, layin ɓoye ya koma gama-gari. Ka yi a kwafi, ba a fayil ɗin mutane ba.

Akitek Bashir:
Na rantse daga Revit, wata manhajar zanen gini, aka fitar da fayil ɗin nan. Wajen fitar da DWG yana ba ka zaɓi, kalar lamba ko True Color. Mutum bai duba ba ya danna ya turo maka.

Sani Lantarki:
Injiniya, a ƙara da wannan. Akwai rubutun da SETBYLAYER ba ya kamawa. In mutum ya shiga cikin MTEXT, wato rubutu mai layuka da yawa, ya zaɓi kalmomin ya sauya musu kala daga ciki, Properties zai nuna maka ByLayer tsaf, amma rubutun yana nan da kalarsa. Sai ka buɗe rubutun, ka zaɓe shi duka, ka mayar da shi ByLayer daga can ciki.

Auwalu Unguwar Rogo:
Allah Ya saka da alheri. Ƙofofi da kayan banɗaki sun koma baƙi a Preview. Tambarin kamfani a kusurwar takarda ne kawai ya rage, da hoton fili na sama da aka liƙa a filan ɗin unguwa.

Injiniya Hadiza:
Waɗannan hotuna ne, CTB ba shi da iko a kansu. Layi da rubutu da hacin, wato zanen da ake cike fili da shi, yake hukuntawa. Ka mayar da hoton baƙi da fari a wata manhajar kafin ka saka shi, ko ka ce wa mai shago ya sa injin kansa a kan bugun baƙi.

Nura Mai Fulota:
Wannan na ƙarshen kuma ku riƙa faɗa da baki. In na kashe kala daga direban injin, komai zai fita ba kala, amma ba baƙi wuluk ba. Rawaya zai zama toka mai haske ƙwarai, kusan babu. Haka grayscale.ctb ma yake yi. Mutane suna ɗauka shi da monochrome abu ɗaya ne. Monochrome yana mayar da kowace lamba baƙi, grayscale kuwa yana auna hasken kalar ne ya ba ta tokar da ta dace da ita. Shuɗi ya fito da duhu, rawaya da shuɗin sama su ɓace. Kuma yawancinku da rawaya kuke rubutu saboda yana haske a baƙin allo.

Baba Ɗanladi:
Salamu alaikum. Na karanta duka. 'Yata Hadiza ta ba da magani, ni bari in faɗi asalin ciwon, don yaran nan su san abin da suke riƙe da shi.

Mu da muka yi zane a kan tebur da takardar tiresin, ba mu da kala. Tawada ɗaya ce, baƙa. Abin da ke raba bango da layin awo shi ne bakin alƙalami. Kowane alƙalamin Rotring yana da zobe mai launi a wuyansa don ka gane shi ba sai ka karanta lamba ba: 0.18 ja, 0.25 fari, 0.35 rawaya, 0.5 ruwan ƙasa, 0.7 shuɗi, 1.0 ruwan goro. Ka ce wa yaro miƙo mini rawaya, ba rawayar tawada kake nufi ba, 0.35 kake nufi. Lokacin hunturu a Jos kuwa 0.18 sai ya toshe, ka yi ta girgiza shi kana jin allurar ciki tana ƙara. In layi ya kauce, reza ce magani, ka kankare a hankali kar ka huda takarda, don hujin zai fito a bugun amoniya.

Da kwamfuta ta zo, injinan bugu na farko ma alƙaluma suke riƙewa, na gaske, suna ɗauka ɗaya bayan ɗaya suna ja a kan takarda. Ta yaya za ka gaya wa inji wane alƙalami zai ɗauka? Ta kalar layin. Ka ce duk ja alƙalami na ɗaya, duk rawaya na biyu. Ke nan kalar da kuke gani a allo ba ta takarda ba ce tun asali, lambar alƙalami ce. CTB ɗin nan da kuke zaɓa ba tare da kun taɓa buɗe shi ba, akwatin alƙaluman ne. Har yau in ka buɗe shi za ka ga gurbin lambar alƙalami yana nan.

Abin da ke ba ni haushi ba kalar da ta fito wa Auwalu ba ne. Zanen da ake kawo mini in duba ne, baƙi ƙirin yadda ake so, amma kowane layi kauri ɗaya. Bangon da aka yanka, layin awo, kujera, hacin, duk ɗaya. Birkila ya buɗe takarda a rana, ina zai gane bango?

Maryam Ɗaliba:
Baba sannu da ƙoƙari. Wallahi nawa haka yake fita, kauri ɗaya, ban san dalili ba.

Injiniya Hadiza:
Dalilin mai sauƙi ne Maryam. Monochrome.ctb kala kaɗai yake sauyawa, kauri kuwa ya bar wa kowane layi nasa. In ba ki sa kauri a leyoyinki ba, duk suna kan Default, shi kuma 0.25 ne sai in an sauya LWDEFAULT. Hanya biyu ce. Ko ki sa kaurin a leya ki ci gaba da monochrome, ko ki kwafi monochrome ki ba shi sabon suna, ki shiga ki ba kowace lamba kaurinta. Rubuta STYLESMANAGER, foldar da suke zaune za ta buɗe. Kar ki gyara na asalin.

Baba Ɗanladi:
Kuma lambobin nan ba da ka aka zaɓe su ba. 0.18, 0.25, 0.35, 0.5, 0.7, 1.0. Kowanne ninki 1.4 ne na wanda ke ƙasa da shi, daidai da yadda takardun A suke. A1 milimita 594 ne da 841, A3 kuma 297 da 420, rabi cif. In ka rage zanen A1 zuwa A3, 0.7 ya zama 0.35, 0.5 ya zama 0.25, kana nan cikin dangin alƙalumanka. Ka riƙe ƙa'ida ɗaya: mai kauri ya ninka siriri sau biyu. Bangon da aka yanka 0.5 ko 0.7, abin da ake hange 0.25 ko 0.35, layin awo da hacin 0.18 ko 0.25.

Akitek Bashir:
Baba, Allah Ya ƙara girma, tarihin nan ya yi daɗi. Amma ku yi haƙuri, shi ne hujjata a kan CTB. Tsarin da aka gina don injin alƙalami muke ja har yau, alhali babu mai irin injin a garin nan. Me ya sa ja zai zama dole 0.18? Ina son leyar bututun ruwan zafi ta zama ja a allo don idona ya kama ta, kuma ina son ta fita da kauri. A CTB sai in je neman wata lambar ja, 10 ko 240, in haddace wacce ce mai kauri wacce ce siririya.

Tun AutoCAD 2000 aka ba mu mafita, STB. A nan salon bugu suna gare shi. Ka ƙirƙiri ɗaya ka kira shi Kauri, wani Siriri, wani Toka, ka ɗora wa leya ko abu guda, kala kuma ta zama taka, ka yi yadda ka ga dama da ita. Kuma ga abin da zai ba ku mamaki: da STB Auwalu yake aiki, da True Color bai dame shi ba, don STB ba ruwansa da lambar kala. In salon ya ce baƙi, baƙi zai fita.

Nura Mai Fulota:
Oga Bashir, ka faɗa musu sauran mana. Ka faɗa musu abin da ke faruwa in fayil ɗinka ya bar ofishinka.

Akitek Bashir:
Abin da ke faruwa da na CTB shi ke faruwa da shi. DWG ba ya ɗauke da ko ɗaya a cikinsa, sunan kawai yake riƙewa. Ka tura zane ba ka haɗa da CTB ɗinka ba, a can za a ga an rubuta missing a gaban sunan.

Nura Mai Fulota:
Ba ɗaya ba ne. In CTB ya ɓata, sai in ɗauko monochrome.ctb, aƙalla zane ya fita baƙi mai shi ya tafi. In STB ya ɓata na ɗauko monochrome.stb, ga tarko: a cikinsa akwai Normal da Style 1. Style 1 ne baƙin. Normal ba ya gyaruwa, kalar abin yake bi. Leyoyin da suke kan Normal duk da kala za su fito, kana kallon kalmar monochrome a gabanka. Sai ka zaɓi leyoyi duka ka mayar da su Style 1. Yaron shago nawa ne ya san wannan?

Injiniya Hadiza:
Ni ina tsakiya amma na fi karkata ga Nura. A hankalce STB ya fi tsari, ban musa ba. Sai dai zane ba na mutum ɗaya ba ne. Akitek ya zana, ya zo wurina in sa rodi, ya je wurin Sani, ya je wurin mai famfo, ya je wurin mai ƙididdigar kaya. Acadiso.dwt, fayil ɗin da kowa ke fara sabon zane da shi, na CTB ne. Kai kaɗai ka koma STB, kowa ya karɓi fayil ɗinka sai ya kira ka a waya. Kuma matsalar ja mai kauri da ka kawo tana da magani ba tare da STB ba: sa kauri a leya, ka bar CTB ya kula da baƙi da toka kawai.

Akitek Bashir:
Wato mu zauna a baya saboda kowa yana baya.

Injiniya Hadiza:
Mu zauna inda zane zai isa hannun magini daidai. ArchiCAD, wata manhajar zane da wasu abokanka ke yabo, shi ma alƙaluma 255 yake ba ka, ban ji an ce yana baya ba.

Akitek Bashir:
Na ArchiCAD daban ne, kina iya sauya jerin alƙaluman gaba ɗaya daga wannan zane zuwa wancan. Amma na bari, kar a ce na cika gardama.

Sani Lantarki:
An riga an ce 😄

Maryam Ɗaliba:
Don Allah ni wannan maganar ta taɓo ni. Wani fayil da aka ba mu a aji, in na zo bugu ba na ganin monochrome.ctb ko kaɗan a jerin, sai masu stb. Na ɗauka AutoCAD ɗina ne ya lalace.

Akitek Bashir:
Lafiyarsa ƙalau. Zane ɗaya ba ya ɗaukar tsarin biyu, ko wannan ko wancan. Rubuta PSTYLEMODE, in ya ba ki 0 na STB ne, in 1 na CTB. CONVERTPSTYLES zai juya miki shi. Ki sani dai, daga STB zuwa CTB sunayen salon da aka ɗora wa leyoyi za su tafi, don haka ki ajiye kwafi. Mai son tahowa wajenmu kuma, CONVERTCTB zai fara yi wa CTB ɗinsa, sannan CONVERTPSTYLES. Ƙofa a buɗe take.

Sani Lantarki:
Bari in kawo namu na masu waya. Zanen akitek a wurina shimfiɗa ce kawai, abin da nake so mai aiki ya gani shi ne soket da suwic da hanyar bututu. In duk suka fita baƙi ɗaya, alamar soket sai ta nutse cikin hacin bango. Abin da nake yi: ina jawo zanen akitek a matsayin Xref, wato zanen waje da aka jingina da nawa, in mayar da leyoyinsa duka lamba 8, a CTB ɗina kuma lamba 8 baƙi ce amma Screening ɗinta 40. Ɗari shi ne tawada cikakkiya, sifili fari. Gini sai ya koma baya, wayata ta fito gaba. Saitin VISRETAIN ya zama 1, in ba haka ba kana rufe fayil ka buɗe kalolin akitek sun dawo.

In kuma a takarda ɗaya kake so gini ya dushe, a wata ya fito sosai, ba sai ka sauya leyar ba. Shiga cikin tagar zanen a leyawut, wato shafin da ake tsara takardar bugu, ka buɗe jerin leyoyi, akwai VP Color. Abin da ka sauya a nan a tagar kaɗai yake tsayawa.

Baba Ɗanladi:
Sani, 40 ɗin nan ina da ja. A takardar da ta fito daga fulota, babban injin bugun zane, yana da kyau. Amma wa ke kai ta asali wurin aiki? Ana kai ta shagon hoto ne a yi kwafi, a yi kwafin kwafin, wanda zai isa hannun mai aiki na uku ne ko na huɗu. Tokarka a injin fotokwafi ɗige-ɗige take zama, daga nan ta ɓace. Mai waya ya ga soket yana shawagi ba bango. Mu da siririn layi muke dusar da abu, 0.13 ko 0.18 baƙi, yana jure kwafi.

Sani Lantarki:
Gaskiya ne Baba, ga wanda zai je fotokwafi nakan ɗaga zuwa 60. Ƙasa da haka sai na PDF da za a duba a waya.

Nura Mai Fulota:
Siririn layi da toka a haɗe shi ne mafi muni. 0.13 a kan Screening 30, inji ba shi da tawadar toka isasshiya a wannan faɗin, ɗigo yake warwatsawa, layi ya fito kamar an tsinka shi. Ku zaɓi ɗaya, ko siriri ko toka.

Kabiru Bukuru:
Ni tawa ta sha bamban. Kaloli duka na lamba ne, na duba. CTB yana nan. A takarda ɗaya taga uku sun fita baƙi, ta huɗu mai nuna ginin a tsaye ta fita da kala.

Injiniya Hadiza:
Danna bakin tagar ta huɗun, ka duba Shade plot a Properties. In tagar tana kan Realistic ko Conceptual ko makamancinsu, AutoCAD hoto yake ɗauka ya buga, ba ya bi ta CTB. Mayar da ita 2D Wireframe, ko ka sa Shade plot a Legacy hidden in kana son layukan baya su ɓuya. In kuma takardar gaba ɗaya ce ta fita da kala, a duba akwatin Plot with plot styles, wani lokaci shi ne ba a cika ba. Kowane leyawut da nasa saitin, gyara ɗaya ba ya gyara sauran.

Kabiru Bukuru:
Conceptual ne kuwa. Na gode Injiniya.

Safiyo Iliya:
Kun yi ta yaƙi da kala, mu kuma nemanta muke. Filan ɗin fili in iyakarsa ba ja ba ce bai cika ba, lauya ma a takardarsa wurin da aka kewaye da ja yake ambata. Saura duk baƙi. Kwafin monochrome na yi, na shiga lamba 1 na ce ta bi kalar abin, kaurinta 0.5, sauran 254 na bar su baƙi. Shi ke nan.

Amma abin da ya ci wa Auwalu kuɗi, ni da gangan nake yinsa in zan tura wa wani DWG. Sai in ba layin iyaka True Color 255,0,0. Ko wane CTB ya ɗora, ja zai fita. Haka gajimaren da ake kewaye gyara da shi.

Akitek Bashir:
Kun gani ko? Sai an yi wa CTB wayo ta bayan gida kafin ya yi abin da ake so.

Safiyo Iliya:
Wayon yana aiki dai.

Injiniya Hadiza:
Yana aiki, amma ka rubuta a gefen zane, a leyar da ba ta fita a bugu, cewa da gangan ne. In ba haka ba ya faɗo hannun irina in bi shi da SETBYLAYER.

Maryam Ɗaliba:
Anti, lamba 255 fa? Na yi hacin fari da ita don in rufe layukan da ke bayan rubutu, a bugu ya fito baƙi ƙirin ya cinye rubutun.

Injiniya Hadiza:
Tana cikin rajista ai, monochrome ya mayar da ita baƙi kamar kowa. Haka 250 zuwa 254 da kike gani toka. Ga rubutu, yi amfani da Background mask na MTEXT. In dole sai hacin, a CTB ɗinki ki sa Screening na 255 ya zama 0.

Nura Mai Fulota:
To tunda kowa ya faɗi nasa, ku ba ni dama in koma kan PDF, don duk abin da kuka lissafa a kwamfutarku ya kamata ya ƙare, ba a tawa ba. Ka zaɓi DWG To PDF.pc3, ka sa girman takardar da za a buga, ka buɗe PDF ɗin ka zuƙo shi ka duba da idonka. Abin da ka gani shi zan ba ka. In dole sai DWG, ETRANSMIT zai tattara maka CTB da Xref da fon a ƙunshi ɗaya.

Abu biyu kuma. Na ɗaya, in zanen A1 ne kake son ƙaramin kwafi a A3 daga leyawut, cika akwatin Scale lineweights, in ba haka ba zane zai ragu rabi layi ya tsaya da kaurinsa, rodi su manne da juna. Na biyu, akwatin Plot transparency, kar ka cika shi in ba ka da abu mai shara-shara a zanen. Yana mayar da zane hoto kafin ya buga, fayil ya yi nauyi, injina ya yi ta tunani ga layi a waje.

Safiyo Iliya:
Nura, PDF ma ba ta tsira a hannunku ba. Na sha ganin yaran shago sun bar shi a kan Fit maimakon Actual size. Takarda ta fito kyakkyawa, ka ɗora rula, sikeli ya ɗan ragu. A zanen gini an ce a bi lambar awo kar a auna, mu kuwa ana auna namu.

Nura Mai Fulota:
Wannan ba zan kare kowa ba, yana faruwa. Amma ku ma ku bar wa inji gefe. In firam ɗinka ya kai bakin takarda, ko in rage ko ya yanke, dole ɗaya. Ka sa sandar sikeli a zanen, ka zo da rularka, mu auna a gabanka kafin ka biya.

Sani Lantarki:
Shawara ga shugabannin zaure. Me zai hana mu yi CTB ɗaya na 'yan zauren nan, a liƙa shi a sama, Nura da sauran masu shago su ajiye a kwamfutocinsu? Kowa ya zana da shi, an huta.

Injiniya Hadiza:
Na goyi baya. Ga nawa a fara da shi: 1 a 0.18, 2 a 0.25, 3 a 0.35, 4 a 0.5, 5 a 0.7, 6 a 0.35, 7 a 0.25, 8 toka 60, 9 a 0.13. Sauran su bi kaurin leya.

Safiyo Iliya:
A bar mana lamba 10 ta fita ja.

Akitek Bashir:
Ni ofishina 4 ne siriri, 1 ne bango. Zanen shekaru zan bi in sauya? Da suna kuka ba su maimakon lamba da ba a yi wannan rigimar ba. In an gama zan yi muku na STB ɗinsa kyauta, ko mutum biyu ne suka karɓa.

Baba Ɗanladi:
Hadiza, gyara lamba 2. Rawaya 0.35 ne. Ja 0.18 kin yi daidai, fari 0.25 daidai, shuɗi 0.7 daidai, to me rawaya ya yi miki?

Injiniya Hadiza:
Baba, yaran nan da rawaya suke rubutun milimita 2.5. A 0.35 cikin haruffa zai cike.

Baba Ɗanladi:
To su koma rubutu da fari. Harafi 2.5 alƙalaminsa 0.25, harafi 3.5 alƙalaminsa 0.35, kashi ɗaya cikin goma na tsayinsa. Haka yake a jikin sitensil.

Nura Mai Fulota:
Ku daidaita ku turo mini guda ɗaya don Allah. Kar kowa ya turo nasa da suna iri ɗaya, foldata cike take da fayiloli masu suna office.ctb, ban san na wa da wa ba ne.